Samari Biyu da Suka Rubuta wa Kansu Aiki

A duk masu cin abinci a harkar fim, ba wanda ya kai ɗan wasa zaman jiran tsammani. Marubuci na iya farkawa cikin dare ya jawo takarda. Mai kiɗa na iya kulle ɗaki ya yi ta gwaji har gari ya waye. Ɗan wasa kuwa sai an kira shi. In ba a kira ba, duk baiwar da Allah ya ba shi tana nan kwance ba mai gani, mai gidan haya kuma ba ruwansa da baiwa. Halin da Matt Damon da Ben Affleck suka tsinci kansu ke nan a Los Angeles a farkon shekarun 1990.

'Yan unguwa ɗaya ne a Cambridge, garin da kogi kawai ya raba shi da Boston a jihar Massachusetts ta Amurka. Damon na da shekara 10, Affleck na da 8 suka san juna. Sakandare ɗaya suka yi, kuma tun suna can suka buɗe asusun banki na haɗin gwiwa: wanda ya samu ɗan aiki ya zuba, wanda aka kira tantancewa a New York ya ɗebi kuɗin mota. Sun fito tare a School Ties a 1992, Damon ya samu wuri a Geronimo a 1993, amma ba wanda ya kai matsayin jarumin da ake gina fim a kansa. Sai suka yi abin da 'yan wasa da yawa ke faɗa da baki, kaɗan ke iya cikawa. Tunda ba a rubuto musu ba, suka zauna su rubuta da kansu.

Abin da ya fito shi ne Good Will Hunting, wanda Gus Van Sant ya ba da umarni, aka fara haska shi a Disamban 1997. Kuɗin da aka kashe bai wuce kimanin dala miliyan 10 ba, ya dawo da sama da miliyan 200. A watan Maris na 1998, a daren da Titanic ya kwashe Oscar 11, samarin nan suka hau dandamali suka karɓi ta rubutun fim na asali, Affleck na da shekara 25, Damon na da 27, iyayensu mata na zaune a cikin taro.

Labarin a taƙaice: Will Hunting maraya ne ɗan shekara 20 daga kudancin Boston, unguwar talakawa jikokin 'yan Ireland. Sharar dare yake yi a MIT, jami'ar da ta yi suna a kimiyya da fasaha, alhali kansa ya fi na farfesoshin wurin ja a lissafi. Farfesa Gerald Lambeau ya rubuta wata matsala a allon baranda don ɗalibai su gwada, sai aka wayi gari wani ya warware ta bai sa suna ba. Kafin farfesan ya gano ko wane ne, Will ya faɗa hannun 'yan sanda saboda faɗan titi. Lambeau ya roƙi alƙali ya sake shi bisa sharaɗi biyu: ya riƙa zuwa yin lissafi, kuma ya riƙa ganin masanin halayyar ɗan Adam. Bayan ya fatattaki masana da dama da bakinsa, aka kai shi wurin Sean Maguire, tsohon abokin karatun Lambeau, wanda ke koyarwa a wata ƙaramar kwaleji, matarsa ta rasu. Robin Williams ne ya fito a Sean, Damon ya fito a Will, Affleck ya ɗauki Chuckie, aminin Will, lebura.

Tushen rubutun aikin aji ne. Damon yana ɗalibi a Harvard aka ce su rubuto wasan kwaikwayo mai kashi ɗaya, shi kuma ya kawo shafi kusan 40 na farkon fim. Da ya koma Los Angeles ya nuna wa Affleck, ya ce bai san yadda zai ci gaba ba. Daga nan aiki ya zama na mutum biyu, kuma yadda suka yi shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina.

Ba zama suke yi kowa da biro yana tauna gindinsa ba. Tashi suke yi su yi wasan. Ɗaya ya zama Will, ɗaya ya zama Sean ko Chuckie ko wani ɗan sanda, su kunna rikoda su yi ta zuba, abin da ya zo baki shi ke fita. Bayan nan su mayar da kaset baya su saurara. Mafi yawansa shirme ne, su ma sun faɗa. Amma a cikin rabin awa na surutu akan sami jimla biyu ko uku masu rai, su ne ake rubutawa, sauran a watsar. Aikin mai sheƙa ke nan, iska ta tafi da ƙaiƙayi, 'yar tsabar da ta rage a faifai ita ce abinci. Idan aiki ya raba su, ɗaya yana wurin ɗaukar wani fim, sai su riƙa aika wa juna shafuka ta na'urar faks.

Amfanin wannan hanya shi ne, kowace jimla ta bi ta maƙogwaron mutum kafin ta hau takarda. Marubucin da bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba yakan rubuta magana mai kyau a ido, wadda in ɗan wasa ya zo faɗa numfashi ya ƙare masa a tsakiya, ko ya rasa me zai yi da hannuwansa. Ɗan wasa kuwa tambayar da aka horar da shi ya yi wa kowane layi ita ce: me nake so in samu a wurin wannan mutum da nake gaya wa? Ina so in ba shi kunya ne, ko in kore shi, ko in sa ya tsaya? In layi ba shi da amsar wannan tambaya, bakin ɗan wasa ya kan ƙi shi tun kafin ƙwaƙwalwa ta gane dalili. Shi ya sa Good Will Hunting ke cike da dogayen jawabai, abin da malaman rubutun fim ke hana ɗalibansu, amma ba ka jin an tsaya ana maka lacca. Duk mai doguwar magana a fim ɗin nan wani yake ƙoƙarin kayarwa ko cetowa.

Sannan ga kunnen gida. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Su biyun ba 'yan kudancin Boston ba ne, mahaifiyar Damon malamar jami'a ce, ta Affleck malamar makaranta, amma sun tashi suna jin harshen samarin garin, sun san yadda abokai huɗu a tsohuwar mota ke zagin juna a kan kuɗin burodi da nama, zagin da ba ya nufin komai sai shaƙuwa. Sun kuma san ɗaya ɓangaren, na ɗaliban Harvard, tunda Damon ya zauna a cikinsu, mahaifin Affleck kuma ya taɓa yin aikin shara a jami'ar. Tsamin da ke tsakanin masu karatu a ginin da masu goge shi ba a littafi suka karanto shi ba.

A dubi fitowar mashaya, wadda ta fi kowace yawo a intanet. Chuckie ya je yana yi wa wasu 'yan mata ƙaryar cewa shi ma ɗalibin Harvard ne. Wani ɗalibin digiri na biyu mai ɗaurin gashi a ƙeya ya shigo don ya tozarta shi, ya fara jefa masa tambaya kan tattalin arzikin Amurka kafin 'yanci. Will ya matso. Bai yi musu da ra'ayin mutumin ba. Ya gaya masa littafin da ya haddato maganar, da wanda zai karanta baɗi ya canja ra'ayi, ya ƙarasa masa jimlar da ya fara, har da lambar shafi. Ya rufe da cewa wata rana zai gane ya zubar da dala 150,000 a kan ilimin da zai iya samu a laburaren gwamnati da tarar dala ɗaya da rabi ta jinkirin mayar da littafi. Ba mai kallon wannan bai ji daɗi ba. Talaka ya kayar da ɗan gata da makamin ɗan gatan.

Matashin da ke rubuta wa kansa fim, a nan yakan maƙale. Ya samu fitowar da ya yi nasara, sai ya yi ta maimaita ta da sabbin abokan karawa har fim ya ƙare, jarumi bai taɓa faɗuwa ba. Damon da Affleck sun bar mu mun tafa wa Will, sannan suka juyo suka nuna mana cewa abin da muka tafa wa shi ne ciwonsa.

Haɗuwarsa ta farko da Sean, wadda Damon ya ce ita kaɗai ce ta tsira kamar yadda take daga shafuka 40 na Harvard, haka ta fara. Will ya shiga ofis yana duba kantar littattafai yana raina su. Ya ce in ana son tarihi na gaske a karanta na Howard Zinn, wanda a zahiri maƙwabcin su Damon ne a yarintarsa. Ya kunna sigari. Sean bai kula ba, duk inda yaron ya soka sai ya ga ba jini. Sai idon Will ya faɗa kan wani ɗan zanen fenti a jikin taga, mutum ɗaya a kwalekwale cikin hadari. Sean ya ce shi ya zana. Will ya fara fassara zanen, yana lalube, yana kallon fuskar dattijon don ya ga inda zai motsa, har ya kai ga cewa wataƙila matar da ya aura ce ba ta dace ba. Ya ga fuska ta canja, sai ya ƙara dannawa. Sean ya cire tabarau, ya shaƙe shi a jikin bango, ya gargaɗe shi kada ya sake taɓa mutuncin matarsa. Will ya ce lokaci ya cika. A ganinsa ya ci wannan ma. Amma da Lambeau ya shigo yana shirin ba da haƙuri, Sean ya ce a tabbatar yaron ya dawo ranar Alhamis.

Sai fitowar benci, a lambun shaƙatawa na tsakiyar Boston, gaban tafki. Sean ya ce ya yi rabin dare yana juya maganar Will, sai wani abu ya faɗo masa, ya yi barci mai daɗi: ashe yaro ne kawai, bai san abin da yake faɗa ba. Bai taɓa fita daga Boston ba. In an tambaye shi Michelangelo zai zayyano duk abin da aka rubuta a kansa, amma bai san ƙamshin ɗakin ibadar Sistine da ke fadar Fafaroma ba, don bai taɓa tsayawa ya ɗaga kai ya kalli rufin ba. In an ce yaƙi zai kawo Shakespeare, amma bai taɓa tallafe kan amininsa yana fitar da numfashin ƙarshe ba. In an ce so zai kawo waƙa, amma bai san kwana a zaune a asibiti wata biyu riƙe da hannun mace mai ciwon daji ba. Sannan ya juya maganar ta inda ba a zata. Ya ce kai maraya ne, kana ganin don na karanta Oliver Twist na san wahalar da ka sha? Abin da ba zan samu a littafi ba shi ne kai, kuma kai tsoron magana kake yi.

Laifin da Will ya kama ɗalibin mashaya da shi, na haddar maganar wasu, shi ne Sean ya kama Will da shi. Ba wanda ya fito ya faɗa a fim ɗin, an bar mai kallo ya haɗa da kansa. Ga kuma abin da ya fi ba ni mamaki. Jawabin ya haura minti huɗu, kyamara na kan fuskar Williams kusan duk tsawonsa, Damon na gefe, da ƙyar ya furta kalma biyu. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda ya rubuta fim musamman don duniya ta san ya iya wasa, ya ɗauki mafi kyawun shafi a rubutun ya miƙa wa wani, shi ya zauna yana saurare. Ba ƙaramin sanin sana'a ba ne wannan. Ɗan wasa na gaske ya san mai saurare ma aiki yake yi, kuma jarumin da aka rufe wa baki a gaban jama'a ya fi shiga rai a kan wanda kullum shi ke da ta cewa.

Kada a ɗauka duk karamci ne, da lissafin kasuwa a ciki. Sun san ba mai zuba miliyoyi a kan fuskoki biyu da ba a sani ba. Duk wanda ya taɓa zama da masu shirya fim a Kano ya san tambayar farko ta mai kuɗi: wa zai fito a ciki? Sun lura da yadda Quentin Tarantino ya samu kuɗin Reservoir Dogs na 1992 bayan Harvey Keitel ya amince zai fito. Don haka suka gina Sean a matsayin tarkon babban tauraro: fitowa kaɗan, yawanci a ɗaki ɗaya, ana iya ɗauke su cikin 'yan makonni, amma kowace na da nama. Suka kuma bar shi a sake, yadda in tauraron da ya karɓa baƙar fata ne ko mace, gyara kaɗan za a yi. Williams ya karɓa, kuma da wannan rawar ya samu Oscar ɗinsa tilo. Wanda suke kafa hujja da shi kuwa a duk ofishin da aka ce a ba su kuɗi su bar wa manyan jarumai, Sylvester Stallone ne, wanda ya rubuta Rocky yana fama da talauci, ya ƙi sayarwa sai in shi zai fito, fim ɗin ya fita a 1976 ya ci Oscar ta gwarzon fim.

Rubutun da suka sayar wa kamfanin Castle Rock a 1994, a kan kuɗin da ya haura dala rabin miliyan, ba shi ne wanda muka kalla ba. A cikinsa jami'an leƙen asirin gwamnati na farautar Will don su yi amfani da ƙwaƙwalwarsa, da guje-guje da ɓuya. Sun saka wannan ne don suna ganin ba mai sayen fim ɗin mutane biyu na hira a ɗaki. Rob Reiner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya ce musu fim biyu ne a nan suna kokawa, su zaɓi ɗaya, kuma na yaron da malaminsa ya fi. William Goldman, marubucin Butch Cassidy and the Sundance Kid, ya karanta ya goyi bayan haka. Suka cire. Wanda bai taɓa rubutu ba zai ga kamar abu ne mai sauƙi, amma zubar da kusan rabin aikin da aka riga aka biya ka kuɗinsa, ka koma ka cike gurbin da zance zalla, yana bukatar ƙarfin zuciya.

Abin da ya rage na wancan tsohon labari fitowa ɗaya ce, kuma ta fi duk guje-gujen da aka zubar amfani. Will ya je ganawar neman aiki a hukumar leƙen asiri ta NSA, aka tambaye shi me zai hana ya yi musu aiki. Ya amsa da jimla mai tsawon gaske, kusan a numfashi ɗaya: in ya warware musu wani saƙon sirri za a jefa bam a wani ƙauye, a tura abokinsa na unguwa yaƙi, ya dawo da rauni ya tarar an kwashe masana'antarsu zuwa ƙasar da ya je yaƙa, man fetur ya yi tsada, da sauransu. Ana cikin jawabin sai hoto ya sauya, ka ga ashe yana ofishin Sean yana maimaita masa, yana jiran a yaba. Sean bai yaba ba. Ya tambaye shi abu mai sauƙi, me kake so ka yi da rayuwarka? Mai amsar komai ya rasa amsa, ya koma barkwanci, Sean ya buɗe ƙofa ya ce ya fita.

Daga baya sun saɓa da Castle Rock kan wanda zai ba da umarni, aka ba su wa'adin wata guda su samo mai biyan kamfanin kuɗinsa ko su rasa fim ɗin. Kevin Smith, daraktan da Affleck ya yi wa aiki a Mallrats, shi ya kai rubutun kamfanin Miramax, aka saya. Shawara kuwa ba su ƙi ta kowa ba. Da farko Will gwanin kimiyyar fiziks ne, Sheldon Glashow na Harvard, mai lambar Nobel, ya ce lissafi ya fi dacewa, suka canja. Darakta Terrence Malick ya ba su shawarar kada Will da budurwarsa su bar gari tare, ta riga shi tafiya, shi ya bi ta daga baya, suka ɗauka.

Affleck fa, me ya rubuta wa kansa? Rawar da ba ta kai rabin ta Damon ba. Chuckie mai surutu ne, mai son giya da faɗa, ba ya fahimtar ko layi ɗaya na abin da amininsa ke rubutawa a allo. Tun farkon fim ana nuna mana shi kowace safiya yana tsayar da tsohuwar motarsa, ya taka zuwa ƙofar Will da kofin kofi a hannu. Ba a ce komai a kai ba, har ka ɗauka cike gurbi ne. Sai can wajen ƙarshe, a wurin aikin rushe gini, suna hutu jingine da mota, Will ya ce shi a nan zai ƙare rayuwarsa, su yi maƙwabtaka, 'ya'yansu su yi wasa tare. Kowa na jiran amini ya ji daɗi. Chuckie ya ce in shekara 20 ta wuce ya same shi a nan yana leburanci, sai ya kashe shi. Ya ce ba don kanka za ka tafi ba, don ni za ka tafi, domin ni gobe zan farka in ga na kai 50 ina wannan aiki, kuma ba komai, amma kai zamanka a nan cin fuska ne gare mu. Ya ce lokacin da ya fi so a yininsa shi ne daƙiƙa goman da yake yi daga mota zuwa ƙofar Will, yana fatan ya ƙwanƙwasa ya ji shiru, an tafi ba sallama.

Abin da Lambeau, farfesa mai lambar yabon lissafi ta Fields, ya kasa, abin da masanin halayya ya share wa hanya, lebura ne ya ƙarasa shi da harshen unguwa. Da safiyar da fatan ya cika, Affleck ba shi da jawabi. Ya leƙa ta taga, ya ɗan yi murmushi, ya koma mota. Morgan, ƙaramin cikinsu da kullum ake turawa kujerar baya, wanda Casey ƙanen Affleck ya fito a matsayinsa, ya zagayo da gudu ya shige gaba. Irin wannan ɗan ƙaramin abu sai wanda ya yi shekaru yana rigimar kujerar gaba da abokai.

Ko Lambeau ba su mayar da shi mugu ba, ko da yake nan ne hanya mafi sauƙi. Akwai inda Will, cikin fushi, ya ce masa wannan lissafin wasa ne a wurinsa, ya cinna wa takardar amsar wuta. Stellan Skarsgård, wanda ya fito a Lambeau, da kwat ɗinsa da girmansa, ya durƙusa a ƙasa yana kashe wutar da hannu. Daga durƙuson ya ce yawancin ranaku yana fatan da bai taɓa haɗuwa da yaron ba, da ya riƙa samun barci. Marubuta masu shekara ashirin da 'yan kai sun hango abin da ke cin dattijon da ya kai ƙololuwar sana'arsa sannan ya ga wanda ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma yana wasa da abin.

Bayan duk wannan ruwan magana, fitowar da ta warware fim ɗin jimla ɗaya ce. Sean na riƙe da fayil mai hotunan raunukan da uban riƙo ya yi wa Will. Sun ɗan yi musayar labarin duka kamar masu hirar ƙwallo, Will ya ce mutumin kan ajiye sanda da bel da sifana a tebur ya ce ya zaɓa. Sai Sean ya ce masa abin da ya faru ba laifinsa ba ne. Will ya ce ya sani. Sean ya sake faɗa. Ya sani. Ya matso ya sake faɗa, kusan sau goma, ba ƙari ba ragi. A takarda wannan shafi ba shi da kyan gani, wani editan ma zai soke shi ya ce maimaici ne. Sai wanda ya san cewa kalma ɗaya a baki tana iya fita da ma'ana goma, kuma aikin yana fuskar mai ji, zai yarda ya bar shi haka. Yaron da ke da martanin kowace magana an ba shi wadda ba ta da abin kamawa, ba hujja a ciki balle ya rusa. Ya yi dariya, ya ɓata rai, ya ture dattijon, sannan ya fashe da kuka.

Da yake su 'yan wasa ne, sun bar wa abokan aikinsu wurin numfashi. Labarin da Sean ya bayar na matarsa da ke sakin iska cikin barci, Williams ne ya ƙirƙiro shi nan take, dariyar da Damon ke yi a wurin ta gaske ce. Layin ƙarshe na fim ɗin ma, inda Sean ya karanta takardar sallamar Will ya yi ƙorafin yaron ya sace masa magana, ba ya cikin rubutu. Marubucin da ke kishin kowane waƙafi nasa da ya hana.

Fim ɗin na da raunuka, kuma ba ɓoyayyu ba ne. Masana lissafi sun sha faɗa cewa matsalar da aka nuna a allo, wadda aka ce ta ɗauki farfesoshi shekara biyu, ɗalibi mai ƙwazo zai iya gamawa da ita a zama ɗaya. Ciwon da aka yi shekaru ana tarawa ba ya warkewa da kuka ɗaya a ofis. Baiwar Will ma ta yi yawa: lissafi, tarihi, shari'a, kimiyyar haɗa magunguna, duk shi ne, har abin ya koma tatsuniya. Mafi girman rauni kuwa Skylar ce, budurwar Will, ɗalibar Harvard mai shirin tafiya karatun likita a Stanford da ke Kalifoniya. Minnie Driver ta zuba mata rai har ta shiga takarar Oscar, amma in ka cire wasanta ka dubi abin da aka rubuta, za ka ga mace ce da aka ajiye don ta so Will, ta yi kuka, ta zama inda zai nufa. Hanyar rikoda da kaset tana ba ka muryoyin da ke cikin kunnenka ne kawai, su kuma muryoyin maza ne suka cika nasu.

Nasarar ta zo da ƙananan maganganu. Aka yi ta raɗe-raɗin cewa ba su suka rubuta ba, Goldman ne, abin da shi Goldman ya ƙaryata, ya ce iyakarsa karantawa da ba da shawarar da Reiner ya riga ya bayar. Abin da ya ƙara wa jita-jitar ƙarfi shi ne sun yi sama da shekara 20 ba su sake rubuta fim tare ba. Dalilin da Damon ya bayar daga baya ya fi na masu zargi ma'ana: a wancan karon ba su san tsarin gina labari ba, sun san mutanen cikinsa ne kawai, don haka suka yi ta jefa su cikin yanayi iri-iri suna rubuta dubban shafukan da ba a yi amfani da su ba, sannan suka harhaɗa abin da ya yi kama da fim. Marasa aikin yi ne kaɗai ke da irin wannan lokaci, su kuma daga 1998 ba su sake zama marasa aiki ba.

Sai a The Last Duel na Ridley Scott, wanda ya fita a 2021, suka koma teburi ɗaya. A wannan karon sun fara da tsara ƙashin labarin kafin su rubuta zance, aikin bai ɗauke su ko kusa da lokacin na farko ba. Labari ne na Faransa a ƙarni na 14 da aka kasa uku, kowane kashi ta idon mutum ɗaya: maza biyu da mace ɗaya. Su suka rubuta na mazan. Kashi na uku, na matar, suka nemo marubuciya kuma darakta Nicole Holofcener suka ce ita za ta rubuta.